Yadda ake haɗa giyar inabin Faransa da abinci: amsa ga ɗalibin da ba ya sha

Ƙanena, na karanta tambayarka, kuma zan taƙaita ta saboda waɗanda za su karanta wannan amsa tare da kai. Ka ce daga Damagaram ka tafi birnin Lyon na ƙasar Faransa kana karatun aikin otal da gidajen abinci, kuma cikin darussan da za a jarraba ku a kai har da sanin giyar inabi da irin abincin da ya dace da kowace iri. Ka ce kai Musulmi ne, ba ka sha, don haka kana ganin an bar ka a baya. Ka kuma koka da cewa an koya muku jar giya ta nama ce, fara kuma ta kifi, amma ba a rufa mako guda sai wani malami ya kawo misalin da ya rushe wannan ƙa'ida.

Batun hukuncin addini a kan sha, da ma ɗauka da zuba wa wani, na malamanku ne, kuma ina ba ka shawara ka kai musu shi tun kafin ka zaɓi ɓangaren da za ka zauna a cikin wannan sana'a, domin otal yana da ɗakin girki da wurin karɓar baƙi da ofishin lissafi, ba teburin giya kaɗai ba. Ni Kirista ne, na yi shekaru ina hidimar tebur a gidajen abinci a Faransa, kuma duk abin da zan siffanta maka a nan na ɗanɗana shi da bakina. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ilimin da ake nema a wurinka ya tsaya ne a kan abubuwa ƙalilan da baki ke ji, wato tsami da bauri da zaƙi da nauyi, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da harshen Bahaushe bai sani ba tun yana yaro.

Bari in fara da bauri, domin shi ne ya fi rikita ɗalibai, alhali mu muna da kalmarsa a shirye. Idan ka tauna goro, ko ka ci ɗanyar kanya, ko ka kurɓi shayin da ya daɗe a kan wuta ba sukari, za ka ji dasashinka ya bushe, harshenka ya yi kaushi kamar an goge shi da tsumma. Wannan shi ne abin da malamanka suke kira tanin. Yana fitowa ne daga ɓawon inabi da 'ya'yan cikinsa, wani lokaci kuma daga gangar katakon da aka adana giyar a ciki. Jar giya ana tsima ta ne tare da ɓawonta na kwanaki ko makonni, shi ya sa take ɗaukar launi da bauri, ita kuwa fara ana matse ruwan a raba shi da ɓawo tun farko. Abin da baurin ke yi shi ne ya kama sinadarin da ke sa yawu santsi ya dunƙule shi, sai baki ya rasa abin da ke jiƙa shi. Idan akwai nama mai maiƙo da gishiri a bakin, baurin yakan lafa, shi kuma maiƙon ba ya saurin ginsar mai ci. Asalin maganar ja da nama ke nan. Za ka iya gwada wannan yau a ɗakinka ba tare da ka kusanci kwalba ba. Ka dafa baƙin shayi ya yi ƙarfi sosai, ka bar shi ya huce, ka kurɓa ka lura da bakinka. Sannan ka ci yankan gasasshen naman rago mai kitse ka sake kurɓa. Bambancin da za ka ji tsakanin kurɓin farko da na biyu shi ne rabin darasin Bordeaux.

Na ambaci Bordeaux, wanda ake furtawa Bordo, kuma zan bar sunayen yadda ake rubuta su a jikin kwalba domin a haka za ka gamu da su. Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne yawancin giyar Faransa da sunan wuri ake kiranta, ba da sunan nau'in inabi ba. A shekarar 1935 aka kafa hukumar da ke kula da sunayen wuraren asali, wadda ake kira INAO, a 1936 kuma aka fara ba da irin wannan shaida, kuma Châteauneuf-du-Pape na cikin na farko da suka samu. Dokar kowane suna ta fayyace iyakar gonaki da nau'in inabin da aka yarda a shuka da yawan abin da za a girbe. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, idan ka haddace wane inabi ne ke bayan kowane suna, ka san halin abin da ke cikin kwalbar tun kafin a buɗe ta.

Bordeaux yana kudu maso yamma, inda kogunan Garonne da Dordogne suka haɗu suka zama Gironde kafin su faɗa teku. A gaɓar hagu, wato yankin Médoc, ƙasar tsakuwa ce mai riƙe zafin rana, kuma Cabernet Sauvignon ne ya fi yawa a haɗin. Giyar Pauillac ko Saint-Estèphe tana ƙarama ƙamshinta na baƙaƙen 'ya'yan itace ne da itacen fensir da aka feƙe, a baki kuwa tana da tsauri, baurinta yana riƙe dasashi bayan an haɗiye. Ban taɓa jin daɗinta ita kaɗai tana 'yar shekara uku ba. Amma da aka ajiye min ita kusa da gasasshen ɗan rago na wannan yankin, wanda shi ma sunan Pauillac yake ɗauke da shi, sai tsaurin ya narke, ƙamshin 'ya'yan itacen ya fito fili, naman kuma ya ƙara gardi. A gaɓar dama, Saint-Émilion da Pomerol, ƙasar ta fi laka da farin dutse, Merlot ne ke gaba, giyar ta fi taushi da cika baki, ta kuma fi saurin shiga da agwagwa ko naman da aka dafa da naman kaza, wato wanda ke tsirowa daga ƙasa, ba na tsuntsu ba. Za a tambaye ka jerin darajar gidajen giyar Bordeaux na shekarar 1855, wanda aka tsara don bajekolin duniya na Paris a zamanin Napoleon na Uku. Gidaje huɗu ne a sahun farko na jar giya, wato Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, sai a 1973 aka ɗaga Mouton Rothschild ya zama na biyar. Ka haddace wannan don jarrabawa, amma a tebur ba shi ne zai taimake ka ba, domin baƙo ɗaya cikin masu yawa ne zai nemi irin waɗannan kwalabe.

Tsami ya fi bauri muhimmanci, ko da yake ba a cika faɗin haka ga ɗalibai ba. Ka tuna abin da lemun tsami ke yi wa soyayyen kifi, ko abin da tsamiya ke yi wa kunu. Tsami yana tsinka yawu, yana wanke maiƙo, yana sa loma ta gaba ta zama kamar ta farko. Farar giya mai kyau aikin lemun tsami take yi a tebur. Akwai ƙa'ida guda a nan wadda ban taɓa ganin ta karye ba: kada tsamin abinci ya fi na giya. Idan ya fi, giyar takan koma lami, kamar ruwan da ya kwana a buɗe. Shi ya sa ganyen salak da aka zuba wa biniga da yawa yake wahalar haɗawa da komai.

Kogin Loire shi ne makarantar tsami. A bakinsa, kusa da birnin Nantes, ana yin Muscadet da inabin da ake kira Melon de Bourgogne. Giya ce marar nauyi, ƙamshinta kaɗan ne, ɗan lemun tsami da wani abu mai kama da iskar bakin teku, kuma idan aka bar ta a kan guggubin yis ɗinta tsawon hunturu, abin da za ka ga an rubuta sur lie, takan sami ɗan kauri a harshe. Wanda ya sha ta ita kaɗai zai iya raina ta. Amfaninta yana bayyana ne idan aka kawo ɗanyar kawa, wannan halittar teku mai ɓawo biyu da Faransawa ke ci da gishirin ruwanta, ko kifin kogi da miyar man shanu da ake kira beurre blanc, wadda ita ma 'yar wannan yanki ce. Idan ka hau kogin zuwa tsakiyar ƙasar za ka isa Sancerre, gidan Sauvignon Blanc, mai ƙamshin ɗanyar ciyawa da ɓawon lemu, wani lokaci da ƙaurin ƙanƙarar dutse idan an ƙyasta ta. A cikin gundumar Sancerre ɗin akwai wani ƙauye mai suna Chavignol da ya shahara da ƙaramin cukun madarar akuya. Cukun yana da tsami da ɗan gari-gari mai manne wa baki, giyar kuma tana zuwa da tsamin da ya yi daidai da nasa ta share shi. A cikin duk haɗe-haɗen da na yi wa baƙi hidima da su, wannan ne ban taɓa ganin wanda ya yi ƙorafi a kansa ba.

Wannan ya kawo ni ga dabarar da za ta cece ka duk lokacin da ka rasa amsa, wato ka tambayi kanka daga wane yanki abincin ya fito, sannan ka nemi giyar wannan yankin. Babu wani sihiri a ciki. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna cin abu ɗaya da shan abu ɗaya sun gyara kowanne ya dace da ɗan'uwansa, kamar yadda ba a zauna an yi taro kafin a haɗa fura da nono ba. A kudu maso yamma suna cin wake da aka dafa da agwagwa da kitse mai yawa, abincin da ake kira cassoulet, kuma giyarsu ta Madiran da inabin Tannat, da ta Cahors da inabin Malbec, suna cikin masu tsananin bauri a ƙasar. A Marseille suna da miyar kifi mai tafarnuwa da ake kira bouillabaisse, kusa da su kuma akwai farar giyar Cassis da giyar Provence mai launin ruwan hoda. Lokacin da hukumar UNESCO ta sa tsarin cin abincin biki na Faransawa cikin al'adun gado na duniya a 2010, dacewar abinci da giya na cikin abubuwan da aka ambata.

Kai da kake Lyon kana zaune ne a tsakiyar darasin. Mutanen garin suna cewa koguna uku ne ke shayar da birninsu, Rhône da Saône da Beaujolais, na ukun kuwa giya ce. A ƙananan gidajen abincin gargajiya da suke kira bouchon ana kawo ta a wata kwalba mai kaurin gindi mai cin santilita 46. Inabinta Gamay ne, ja ce amma baurinta kaɗan ne, tsaminta a farke, ƙamshinta na jajayen 'ya'yan itace, kuma an fi son ta da ɗan sanyi, wajen digiri 13 zuwa 14. Abincin Lyon mai maiƙo ne, kayan ciki da tsiren alade da makamantansu, don haka abin da yake bukata shi ne abin wanke baki, kuma Beaujolais tsaminta ne ke wannan aiki, ba baurinta ba. Kada ka auna yankin da sabuwar giyar da ake fitarwa ranar Alhamis ta uku ta watan Nuwamba. Akwai yankuna goma masu sunan kansu, irin su Morgon da Fleurie da Moulin-à-Vent, kuma Morgon mai shekara biyar tana iya tsayawa kusa da giyar da ta ninka ta kuɗi.

Arewa da ku kaɗan Bourgogne ce, kuma a nan ne zuciyata ta fi karkata, ba zan ɓoye maka ba. Inabi biyu ne ke mulki, Pinot Noir ga ja da Chardonnay ga fara. Tun a 1395 mai mulkin yankin, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tumɓuke Gamay daga gonakinsa don a bar wa Pinot wuri. An yanka tuddan zuwa ƙananan gonaki masu suna, kowace da halinta, har UNESCO ta sa su cikin wuraren gado a 2015, kuma 33 daga cikin sunayen ne ke a matakin ƙoli. Pinot Noir launinta ba ya da duhu, kana iya hango yatsanka ta cikin kofin, kuma wannan yakan yaudari sabon shiga ya ɗauka ba ta da ƙarfi. Ƙarfinta a hanci yake. Tana ƙarama ƙamshin jajayen 'ya'yan itace ne, idan ta manyanta sai ta koma ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, da busasshen ganye da naman kaza. Baurinta siriri ne kamar zaren siliki, shi ya sa nama mai yaji da ƙauri yake danne ta, amma kaza ko zabuwa ko tattabara da aka gasa a hankali suke ɗaga ta. Naman sa da aka dafa a cikin jar giya har ya yi lugub, wato bœuf bourguignon, da ita ake ci, kuma ƙa'idar a nan mai sauƙi ce, abin da aka zuba a tukunya danginsa ake zubawa a kofi.

Fararen Bourgogne su ne za su nuna maka cewa launi ba ya faɗin nauyi. Chablis da Meursault duka Chardonnay ne, amma ka ce ba uwa ɗaya ta haife su ba. Chablis tana can arewa inda ake sanyi, a kan ƙasar da ke cike da ɓawon ƙananan kawa da suka zama dutse tun zamanin da teku ya rufe wurin, kuma giyar siririya ce mai kaifi, ta kifi da kayan teku. Meursault kuwa yawanci a gangar katako take girma, tsaminta ya yi laushi, tana ƙamshin man shanu da soyayyar gyaɗa, tana cika baki. Idan aka kawo kazar Bresse, wadda ake kiwo ba nisa da ku, an dafa ta da kirim, Meursault ce abokiyarta, jar giya mai bauri kuwa sai ta yi faɗa da kirim ɗin. Ga nama ke nan da farar giya. Abin da ake aunawa shi ne nauyi da nauyi, kuma sau da yawa miyar da aka zuba a kan abinci ta fi naman da ke ƙarƙashinta iko a kan zaɓin.

Haka batun kifi yake ta ɗaya gefen. Dalilin da ya sa ake guje wa jar giya da kifi shi ne haɗuwarsu takan tayar da ƙarni da ɗanɗanon ƙarfe a baki, abin da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Amma a Bordeaux ɗin kansa suna dafa wani kifi mai kama da maciji, lamproie, a cikin jar giya, su kuma ci shi da jar giya, domin miyar ta riga ta sauya shi. Kifi mai jan tsoka irin tuna idan aka gasa shi yana karɓar ja marar bauri, kamar Pinot ko Chinon ta Loire da aka ɗan sanyaya. Ka ga malamanka ba karya ƙa'idar suke yi ba, gajeriyar hanya ce aka ba ku wadda ba ta kai ko'ina ba.

Kwarin Rhône da ke kudu da ku kashi biyu ne. A arewa, Côte-Rôtie da Hermitage da Cornas, inabin Syrah ne a kan tuddai masu tsayi, kuma ƙamshinsa na masoro ne ƙarara, da zaitun da ɗan hayaƙi, abin da ya sa yake shiga da naman daji da naman da aka gasa a kan garwashi. A kudu rana ta fi zafi, Grenache ne ke gaba, kuma Châteauneuf-du-Pape takan kai kashi 14 ko 15 cikin ɗari na barasa, mai ɗumi a maƙogwaro, ta naman rago da aka daɗe ana dafawa da ganyayen ƙamshi.

Wannan ɗumin ne ya sa dole in yi maka maganar barkono, domin wata rana wani zai tambaye ka, ganin kai ɗan Afirka ne, abin da zai sha da abincinmu. Barkono yana ƙara zafin barasa, barasa kuma tana ƙara zafin barkono, bauri ma yakan koma ɗaci idan ya gamu da yaji. Wanda ya haɗa tsire mai yaji sosai da Châteauneuf zai ji wuta kawai, ba zai ji naman ba, ba zai ji giyar ba. Abin da ke kwantar da yaji shi ne sanyi da ɗan zaƙi da ƙarancin barasa, don haka Vouvray mai ɗan zaƙi daga inabin Chenin, ko Riesling ta Alsace da ba a ƙafe sukarinta duka ba, su suka fi dacewa. Kazar yassa ta Sanagal, wadda ake samu a gidajen abinci da yawa a Faransa, albasa ce da lemun tsami, don haka ƙa'idar tsami ce ke aiki a kanta, sai a nemi fara mai kaifi. Alsace, da ke kan iyakar Jamus, ita ce yankin da ya saba rubuta sunan inabi a jikin doguwar kwalbarsa, kuma Gewurztraminer ɗinta mai ƙamshin furen wardi da citta ita ake haɗawa da cukun Munster mai ƙarfin wari.

Zaƙi yana da ƙa'ida irin ta tsami, wato kada kayan zaƙin da ke faranti su fi abin da ke kofi zaƙi. A nan Faransawa da kansu suke yawan kuskure, domin a bukukuwa sukan buɗe Champagne marar zaƙi a kan kek, sai giyar ta koma tsami tsantsa. Champagne ana sake tsima ta ne a cikin kwalbarta, iskar da ta taso ta rasa hanyar fita ta narke a ciki, kuma doka ta ce sai ta yi aƙalla wata 15 kafin a sayar, mai ɗauke da shekarar girbinta kuwa shekara uku. Wadda aka rubuta wa brut sukarinta bai kai giram 12 a lita ba. Wurinta farkon cin abinci ne, da abu mai gishiri ko soyayye, inda kumfa da tsami ke share mai. Cakulan kuwa abokiyarsa Banyuls ce ko Maury, jajayen giya masu zaƙi daga can kudu wajen iyakar Sifen.

Sauternes ta cancanci a tsaya a kanta. A kudancin Bordeaux wani ƙaramin kogi mai sanyi, Ciron, yana shiga Garonne, sai hazo ya rufe gonaki da safe a lokacin kaka, rana kuma ta busar da shi da yamma. Wannan yanayi yana haifar da wata fumfuna da ke huda ɓawon inabin Sémillon, ruwan ya tsane, sukari da tsami su taru, har inabin ya yamutse ya yi muni a ido. Masu girbi sukan zaga gona sau da yawa suna tsintar wanda ya kai. Abin da ke fitowa launin zinariya ne, mai ƙamshin zuma da busassun 'ya'yan itace da ɓawon lemu, kuma tsamin da ke ƙarƙashi ne ke hana zaƙin ginsa. Mafi kyawun abokinta a ganina cukun Roquefort ne, na madarar tumaki, mai gishiri da kaifi. Gishirin yana ƙara fito da zaƙin, zaƙin yana rage kaifin, har sai ka rasa inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara. Ka sayi ɗan yankin Roquefort ka ci da dabino mai laushi, za ka fahimci abin da nake nufi kusan gaba ɗaya. Ana kuma haɗa Sauternes da hantar agwagwa mai kitse a farkon cin abinci, amma ni ba na son haka, domin zaƙin yakan toshe baki ga abin da zai biyo baya.

Daga waɗannan misalai za ka lura cewa yawancin cuku da farar giya ya fi shiri, saɓanin abin da baƙi da yawa suka ɗauka. Camembert na Normandie ma yakan sa jar giya mai bauri ta yi ɗaci, kuma mutanen yankin da giyar tuffa suke cin sa.

Sauran aikin na hanci ne. Harshe abubuwa biyar kawai yake rarrabewa, yawancin sauran abin da mutane ke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci. Ka riƙa zuwa kasuwa kana shinshinar 'ya'yan itacen ƙasar da ba mu da su a gida, kana haɗa kowanne da sunansa, domin da waɗannan sunaye ake rubuta amsar jarrabawa. Ka kuma riƙe lambobin hidima: kwalba santilita 75 ce, tana ba da kofi shida, ja mai nauyi ana kawo ta a digiri 16 zuwa 18, fara a 8 zuwa 12, kuma ana fara da marar nauyi kafin mai nauyi, marar zaƙi kafin mai zaƙi. Dokar ƙasar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma mai hidima na gari yana lura da baƙon da ya kamata a daina zuba masa, musamman idan shi zai tuƙa mota.

Hanci ne kuma ke gane kwalbar da ta lalace. Idan toshin kwalbar ya gurɓata giyar, za ka ji warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya daɗe a rufe da damina, kuma irin wannan mayar da ita ake yi ba gardama. Wadda iska ta shige ta kuwa launinta yakan dushe ya koma ruwan ƙasa, tana warin tuffar da aka yanka aka bari. Sai dai akwai giya guda da za ta ruɗe ka a nan, kamar yadda ta ruɗe ni ranar da na fara buɗe ta, har na kai wa shugaban hidimarmu ina cewa ta ɓaci. Ita ce vin jaune ta tsaunukan Jura, gabas da Bourgogne, daga inabin Savagnin. Ana barin ta a ganga ba a cika gurbin abin da ya ƙafe, wani siririn mayafin yis ya rufe samanta, kuma ba a sa ta a kwalba sai ta shekara shida da wata uku, a wata gajeriyar kwalba mai cin santilita 62 da ake kira clavelin. Ƙamshinta na busasshiyar gyaɗa ne da kayan yaji da tuffa, kuma ba ta da zaƙi ko kaɗan. Shugaban namu bai yi min faɗa ba. Ya yanko min tsohon cukun Comté na wannan yankin, ya ce in tauna shi sosai tukuna in kurɓa, sai na ji gardin cukun da na giyar sun zama abu ɗaya, suka daɗe a bakina bayan na haɗiye. Idan ta fito muku a jarrabawa, amsar ita ce Comté, ko kaza da kirim da naman kazan da ake kira morille, kuma ba a sanyaya ta kamar sauran farare, wajen digiri 14 zuwa 16 ake kawo ta.